Tu-bai-fo ɗin da na sayo bai cika inci 2 da 4 ba, cuta ce ko dama haka yake?

Baban_Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kafintoci da masu sanin harkar katako ku warware min wani abu kafin in je in ɗaga wa mutum murya a banza. Na kawo matakin rufi a ɗan ginin da nake yi, kafinta ya rubuto min lis, tu-bai-fo, tu-bai-tiri, tu-bai-tu na silin, sai wan-bai-tuwel (inci 1 a 12) na fesha bod, wato allon da ake rufe bakin rufi da shi. Na je 'yan katako na biya aka lodo, da aka sauke sai na ce bari in sa tef in gani. Wallahi babu ko guda ɗaya da ya cika. Tu-bai-fo ɗin kaurinsa inci 1 da kwata uku, wasu ma 1 da rabi da ɗan wani abu, faɗin kuma daga 3 da rabi zuwa 3 da kwata uku yake yawo. Shi kuwa wan-bai-tuwel da muka kai inji aka goge, kwata uku ya dawo, incin ma bai kai ba. Na kira mai katakon ya ce min "Alhaji ai haka yake ko ina ka je", kafinta shi ma ya ce ba matsala, to ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya don ban sani ba ko bakinsu ɗaya ne. Shin haka ake sayarwa ko an tauye min ne? Kuma rufin zai yi ƙarko da irin wannan?

KafintanZamani:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka tukuna, maganarsa akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. 2 da 4 ɗin nan awon da ake sa wa zarto ne ranar da ake tsaga gungumen, itacen yana ɗanye sharaf da ruwansa. Daga wannan ranar har ya hau kan gininka raguwa kawai yake yi, kuma wuri uku yake zubar da jiki.

Na farko bakin zarto. Duk inda zarto ya bi sai ya ci wani abu, garin katakon da kake gani tsibi-tsibi a gindin inji ai jikin katakon ne. Zarton somil mai kama da bel siriri ne, yana cin mili (wato milimita) 2 zuwa 3, faifan da ake tsagawa da shi a cikin kasuwa yana cin wajen mili 4, injin hannu mai sarƙa da ake shiga daji da shi kuwa ya fi su ɓarna nesa ba kusa ba kuma ba ya tafiya a miƙe, shi ya sa za ka ga katako kai ɗaya mai kauri ɗaya kan kuma ya rame.

Na biyu bushewa, kuma nan ne mu 'yan arewa abin ya fi shafa. Yawancin kayan daga kudu ake lodo su inda iska take da laima, su shigo Kano ko Katsina ko Sakkwato su tarar da hunturu, to ruwan jikinsu zai fita ne itacen ya tsuke. A faɗin inci 4 kana iya rasa mili 3 zuwa 5, ya danganta da irin itacen, loko da obece ba su cika tsukewa sosai ba, wasu kuwa sai ka rantse an canza maka kaya. Amma lura da wannan da kyau: katako a faɗi da kauri yake tsukewa, a tsawo kusan ba ya motsi. Saboda haka in ka biya kuɗin ƙafa 12 ka tarar da 11 da rabi kar kowa ya ce maka bushewa ce, yanke shi aka yi a haka.

Na uku guga. Ka kai katako filenin, wato injin guga, dole a ɗebe mili 2 ko 3 a kowace fuska kafin ya yi sumul, in ya bauɗe ma fiye da haka don sai an ta maimaitawa kafin ya kwanta. Inci 1 mili 25 ne da ɗigo 4, cire ta sama cire ta ƙasa ka ga ka dawo 19 ko 20, kwata ukun da ka gani ke nan. Wannan kam ba wanda ya cuce ka, kamar ka kai buhun shinkafa shanshera inji ne, ba za ta dawo maka a buhu cikakke ba.

To a ganina wanda ya ba ka 1 da kwata uku a 3 da kwata uku wannan lafiya lau ne a kasuwarmu, ba ka da ta cewa. Waɗanda suka sauko 1 da rabi alhali ba a goge su ba, su ne abin tambaya, don babu bushewar da za ta cinye rabin inci a cikin inci 2.

Mai_Katako01:

Malam kafinta Allah ya saka, ka faɗi abin da kullum muke fama mu fahimtar da mutane. Ni sana'ata ke nan, a rumfa na tashi. Mutum zai zo da tef yana huci kamar mu muka halicci bishiyar. Mu fa yadda tirela ta sauke mana haka muka biya, daga Edo ko Ondo ko Kuros Riba, wani kuma ta Taraba da Kogi, kuma can ma da suna ake ƙirga mana ba da tef ba. Kuma manyan bishiyoyin da iyayenmu suka sani sun yi ƙaranci, yanzu ƙananan gungume ake ta matsawa a fitar da abin da za a fitar.

Amma tsakani da Allah ba zan kare kowa da kowa ba, akwai masu son zuciya a cikinmu kuma ga yadda ake yi don ku gane. Falanki tu-bai-tuwel in ya cika faɗinsa mili 305 ne. In za a tsaga shi tu-bai-tu guda 6 yake bayarwa, zarto zai bi sau 5, kowane bi mili 4, an rasa 20, saura 285, raba 6 kowanne ya tashi a 47 da rabi. Wannan shi ne na halak. To wani sai ya matso da ma'aunin inji ya fitar da 7 a falanki ɗaya, zarto ya bi sau 6 ya ci 24, saura 281, kowanne ya tashi a mili 40, kuma duk sunansu tu-bai-tu a bakin mai sayarwa. Guda ɗaya ya ci riba a kowane falanki, ka lissafa a tirela guda.

Sai dai ku ma masu saye kuna da naku. Za ka gaya wa mutum ga cikakke kuɗinsa kaza, ga mai sauƙi kuɗinsa kaza, ya tsallake ka ya tafi rumfar gaba inda aka rage masa, ya kwashi ramammen yana murna ya yi wayo, in ya je gida ya sa tef ya dawo yana cewa 'yan katako ɓarayi ne. Wani lokacin ma ba mai gidan ba ne, wanda aka aiko ne yake karɓar kuɗin cikakke ya sayi na ƙasa. Alhaji ban ce naka ya yi haka ba, amma ka tambayi mai rumfar kai tsaye, ka ce masa cikakke na biya ko mai sauƙi, za ka ji amsa.

Injiniya_ZR:

Slm. Ni inda zan sa baki shi ne "ba matsala" ɗin da kafintanka ya ce, don mutane suna raina rabin inci alhali a lissafin ƙarfi ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfin katakon da aka gitta ya ɗauki kaya ba ya tafiya daidai da girmansa. Ana ɗaukar kauri ne a ninka da tsayin gefen da yake tsaye sau biyu, juriyar lanƙwasa kuwa sau uku ake ninkawa. To ɗan abin da ka rage a ɓangaren inci 4 ɗin nan shi ne yake yin illa mai yawa.

Ga shi da lamba. Ɗauki mili 50 a 100 a matsayin cikakken tu-bai-fo, ƙarfinsa 100 bisa 100. Wanda ya tashi a 45 a 95 ya koma kusan kashi 81. Wanda ya tashi a 38 a 89, wato 1 da rabi a 3 da rabi, ya faɗo kashi 60, juriyar lotsawarsa kuma wajen kashi 54 kacal. Ido zai ce maka ɗan kaɗan ne ya ragu, amma kusan rabin aikin ya tafi. Ko ta fuskar kuɗi ma, itacen da ke jikinsa kashi 68 ne na cikakken, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ka biya iska.

Wannan ba yana nufin ka zubar da kayan ba. Ka sa a ware su gida biyu, masu kaurin su tafi rafta (katakon da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi) da taibim (wanda ke gitta bango zuwa bango yana riƙe ƙasan rafta) da duk inda tazara take da tsawo, ramammun a yi tokare da gajerun haɗi da su. In dole sai an sa ramamme a rafta to a matso da tazarar, inda aka yi niyyar mita 1 da santi 20 a dawo wajen santi 75 zuwa 90, wato za ka ƙaro katako, arahar ta tashi a banza ke nan. Kuma a tsaye ake ɗora shi ba a kwance ba, tu-bai-fo a kwance rabin ƙarfinsa yake bayarwa, na sha ganin yara masu koyo suna kwantar da shi don ya fi daɗin buga ƙusa. Sannan wane kwano za ka sa? In dogon alminiyam ne ba shi da nauyi, in mai duwatsun nan ne da ake yayi to ka ƙara kula. Mu a nan ma abin da ya fi kwashe rufi iskar farkon damina ce ba nauyi ba, don haka a ɗaure wol filet, wato katakon da ke kwance a kan bango da rufin yake zama a kai, da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin bim, kar a dogara da ƙusa kawai.

Malam Mai_Katako ka yi haƙuri amma "haka muka saya" ba ta wanke ku duka ba. Abin da ya fi ƙarfinku mun yarda, amma me zai hana ku rubuta awon gaskiya a jikin kowane tari?

Mai_Katako01:

Injiniya ranka ya daɗe, in na rubuta 40 a 85 a jikin nawa maƙwabcina ya bar nasa da sunan tu-bai-fo, wa kake ganin za a saya wa? Sai dai in ƙungiya ce ta sa kowa ya yi lokaci ɗaya. Ni dai duk wanda ya tambaye ni ina miƙa masa tef ya auna da hannunsa.

Bako_a_Amurka:

Abin dariya Alhaji, awon da ya tayar maka da hankali, 1 da rabi a 3 da rabi, shi ne ainihin tu-bai-fo a nan Amurka, a hukumance ma. Ka shiga kowane shagon kayan gini daga wannan jiha zuwa waccan haka za ka same shi, mili 38 a 89. Tu-bai-sikis 1 da rabi ne a 5 da rabi, fo-bai-fo 3 da rabi a 3 da rabi, duk abin da aka ce inci 1 ne kwata uku yake. Daga inci 8 zuwa sama kuma kwata uku ake cirewa a faɗi ba rabi ba, tu-bai-et 7 da kwata ne, tu-bai-tuwel 11 da kwata.

Su ma da can ruɗani ne, kowane somil da nasa awon. Da dazuzzukan kusa da birane suka ƙare aka koma ɗauko katako daga nesa a jirgin ƙasa, kuɗin dako kuma da nauyi ake biya, sai masu somil suka ga gara su busar su goge tun a can kafin lodi. A 1924 aka fara fitar da ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya, lokacin Herbert Hoover yana sakataren kasuwanci kafin ya zama shugaban ƙasa. An daɗe ana yin 1 da 5 bisa 8 a 3 da 5 bisa 8, sai ƙa'idar 1970 ta tsayar da awon da ake kai yanzu, ta kuma ce busasshe shi ne wanda ruwan jikinsa bai wuce kashi 19 ba, in ɗanye za ka sayar dole ka bar masa ɗan ƙari don in ya bushe ya sauka daidai. Wanda ya taɓa gyaran tsohon gida a nan ya san wahalar, ka fasa bango ka tarar da tsohon katako mai kauri, sabon da ka sayo ya ƙi yin daidai da shi sai ka yi ciko.

Ko a nan ma an je kotu a kan maganar. A 2014 a Kalifoniya an sa kamfanin Lowe's ya biya dala miliyan 1.6 kan yadda yake rubuta awon kayan gini, shi ya sa yanzu za ka ga sunan katakon da kuma awonsa na gaskiya duk a jikin takardar farashi. A Ingila kuma da mili suke yi, 47 a 100 in an daidaita shi a inji ya koma 45 a 95.

Bambancin mu 'yan gida da Amurkawa ba wai nasu ya fi kauri ba ne, namu ma sau da yawa ya fi, kuma itacenmu irin su loko da maɗaci sun fi nasu na gini tauri. Bambancin shi ne nasu guda dubu in ka auna duk ɗaya ne, injiniya da 38 a 89 yake lissafinsa tun farko, ba da 2 da 4 ba. Namu kuwa tari ɗaya awo biyar. Kuma masu kwaikwayon teburi da gado a YouTube ku kula, in Ba'amurke ya ce tu-bai-fo 38 a 89 yake nufi, in ka yanka naka da lambobinsa haɗin ba zai zauna ba.

DanMaradi:

Mu nan Nijar da santimita muke kira, mai saye ya ce 8 a 8 ko 6 a 8, tsawo kuma da mita, amma kar ku ɗauka mun tsira, in ka sa mita a jiki 8 ɗin sai ka ga 7 da rabi ko 7. Daga Maraɗi har kasuwar Katako ta Yamai labarin ɗaya ne, kuma mu kayan sun fi yin nisa kafin su iso, sun bushe ƙarau. Abin da kuke ce wa obece shi ne wawa a Gana, samba a Kodebuwa.

Abu_Sumayya:

Ɗan ƙarin bayani ta fuskar addini, Allah ne mafi sani. Abin da 'yan kasuwa da masu saye duk suka san shi a al'ada, kamar ragin zarto da bushewa da guga, ba ya shiga tauye awo, don al'adar da kowa ya sani tamkar sharaɗi ce a ciniki. Amma wanda ya matse inji da gangan ya fitar da 7 a wurin 6 sannan ya sayar wa wanda bai sani ba da sunan cikakke, ya karanta farkon Suratul Muɗaffifin, awo awo ne ko na hatsi ko na katako. In ya faɗa wa mai saye ga yadda yake ga kuɗinsa, an yarda, shi ke nan ciniki ya halatta.

Baban_Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya dogon alminiyam ne zan sa. Gobe in sha Allah za mu ware su yadda ka ce, ramammun kuma zan koma da maganarsu wurin mai rumfa cikin lalama. Malam kafinta saura tambaya ɗaya, ban sayi na firam ɗin ƙofofin ciki da na kantocin kicin ba tukuna, yaya zan faɗa don kar a maimaita?

KafintanZamani:

Yauwa Alhaji, a nan ne ma abin ya fi muhimmanci don rufi silin zai ɓoye shi, firam kuwa kullum idonka yana kai. Kar ka je da suna, ka je da awon da kake so ya tashi bayan an gama guga, kuma da mili, ka rubuta a takarda mai rumfa da mai inji duk su gani. Ka ce ina son 45 a 140 gogagge, su suka san wanda za su ɗauko su goge ya ba da hakan. Kullum sai ka sayi wanda ya ɗara abin da kake nema, in kantar mili 25 kake so falankin inci 1 ba zai ba ka ba, sai inci 1 da kwata ko 1 da rabi. In kuma mili 19 ko 20 ya ishe ka to wan-bai-tuwel ɗin ya yi, sai dai kar tazarar ta wuce santi 70 zuwa 80 ba tokare, in ba haka ba Hajiya ta jera tukwane ka ga cikinta ya sauko.

Firam kuma ka fara auna bangon da kansa. Bulo inci 6 mili 150 ne, ka ƙara filasta ciki da waje wajen 12 zuwa 15 kowane gefe, bango ya tashi a 174 zuwa 180. Tu-bai-sikis in an goge da ƙyar ya wuce 140, ka ga ba zai rufe kaurin bangon ba, ko dai a tsago maka daga falanki mai faɗi ko ku shirya da birkila tun yanzu yadda zai kashe bakin filastar. Filawud ma haka, wanda ake ce wa kwata uku mili 18 ne ba 19 ba, wani ma bai kai 18 ɗin ba, rabin inci kuma 12 ne, don haka kafinta ya auna allon da ke hannunsa kafin ya fere gurbin da zai shiga.

Kuma don Allah kar a goge shi ranar da aka sayo in ɗanye ne. Ɗaga shi ka ji, ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, ƙusa in ta shiga har damshi kake gani. A jera shi a inuwa ba a rana ba, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, ya samu makonni yana shan iska sannan a kai inji. In aka goge shi da ruwansa aka haɗa ƙofa, hunturu na shigowa za ka ga haɗin ya buɗe har kana hango tsakar gida ta tsagar, in kuma a tsakiyar hunturu aka haɗa ta cif-cif ba a bar mata mili 3 a gefe ba, watan Agusta sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. In za ka auna a kasuwa ka auna kai biyu da tsakiya, kuma ka zaro daga cikin tarin, ba na saman da aka jera don ido ba.